Yadda na ƙarfafa kayan cikin injin motata mai sufacaja bayan fistin ya fashe

Motar da zan ba da labarinta ita ce wadda nake zuwa aiki da ita kullum, da ita nake kai yara makaranta, da ita kuma nake doguwar tafiya idan ta kama, kuma ba ni da wata bayan ita. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2, kuma shekara biyu kafin wannan lamari na ɗora masa sufacaja irin ta Roots, wato na'urar da bel ke juyawa daga karanshaf domin ta cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. Tsarin tsoho ne ƙwarai, domin a 1860 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistarsa don hura wutar narka ƙarfe. Alherinta shi ne tana ba da ƙarfi da zarar an taɓa totur, aibinta kuma shi ne tana dumama iskar da take turawa, kuma dumin yana ƙaruwa gwargwadon saurin da ake juya ta. A shekara biyun nan matsin iskar bai wuce psi 7 ba (psi ma'aunin matsi ne), injin kuma bai taɓa nuna mini wata damuwa ba. Daga baya na sauya fulin sufacajar da ƙarami, matsin ya hau zuwa psi 10, ban kuwa koma an sake saita kwamfutar inji ba, domin a ganina ƙarin psi 3 bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Wata uku bayan haka, ina hawan wani dogon tudu da rana tsaka, na ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, sai injin ya fara rawa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya biyo salansa.

Washegari na kai motar gareji, kuma abin da makanikin ya fara yi ya cancanci kowa ya nema kafin a kwance ko noti ɗaya. Ya cire filogi huɗun ya jera su bisa tsarin silindarsu, na uku ya fito jiƙe da baƙin mai, da ɗigo-ɗigon ƙarfe ƙanana a jikin farin tangaransa. Ya auna matsin kowace silinda, uku suka ba da kusan psi 180, ta ukun ta tsaya a 120. Daga nan ya yi gwaji na biyu, wanda ake hura iska a cikin silinda bawul-bawul suna rufe, a ga yawan da ke zurarewa da kuma inda take bi. Idan iskar ta fito ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Idan ta fito ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga ne. Idan kumfa ta taso a lagireto, gasket ne ya ƙone. Tawa ta fito ne ta bakin zuba baƙin mai, kuma kusan rabin abin da aka hura ya ɓace, alhali lafiyayyar silinda ba ta cika zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai zoben fistin ya karye, ko kuma gindin da zoben ke zaune a kai ya tsage. Ko wanne ne, sai an sauke injin." Na tsaya ina kallon agogon gwajin, raina a jagule, domin na san ni na jawo, kuma na san cewa gobe da safe babu abin da zan hau.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi cin lokacina, kuma shi ne babban dalilin wannan rubutu. A daren ranar, tun injin yana cikin mota, na shiga intanet na sayi fistin huɗu na bugaggen alminiyam nau'in 2618, masu awon matsi 8.5 da 1, wato fistin yana matse iskar cikin silinda sau 8.5, a daidai faɗin silindar da kamfani ya ƙera, milimita 86. Abin da na yi ta karantawa ke nan cewa masu tsere suna amfani da shi, ni kuma a lokacin ina son in sayi abu mafi ƙarfi da ke akwai domin kada in sake ganin irin wannan rana. Kwana biyar bayan haka aka sauke injin aka kwance shi, muka ga abin da ya faru da idonmu. Ɓangaren fistin na uku da ke tsakanin zobe na farko da na biyu ya ɓalle, gutsuren ya karce bangon silinda har farce yana kamawa a cikin layin. Bakunan zoben sama biyu sun yi sheƙi, alamar cewa zafi ya sa zoben ya miƙe har bakunansa suka haɗu, da ya rasa wurin miƙewa sai ya cije bango ya karya abin da ke riƙe da shi. Fistin da kamfani ke sawa zubin alminiyam ne mai yawan silikon, yana da tauri kuma yana daɗewa, amma idan mai ya riƙa fashewa a cikin silinda a maimakon ya ci wuta a hankali, tsagewa yake yi kamar tangaran. Da wannan karcen ya tabbata cewa sai an faɗaɗa silindar, wato fistin da na riga na biya ba za su shiga aikin ba.

Mataki na gaba shi ne wajen masu injin gurza ƙarfe, inda aka kai bulok da karanshaf da kan inji. Ba a karɓi kayan ba sai da aka rubuta takardar shiga da ta lissafa kowane yanki, aka ba ni kwafi, aka kuma gaya mini cewa akwai ayyuka a gabana, don haka awo kaɗai zai ɗauki kwana goma. Da na koma, dattijon da ke kula da wurin ya zaunar da ni ya tambaye ni abu ɗaya, wato me nake yi da motar. Na ce zuwa aiki da dawowa, tafiyar minti ashirin, sau da yawa cikin cunkoso. Ya ɗauki fistin ɗin da na saya ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wannan kaya ne mai kyau, amma an yi shi ne domin motar da ake dumamawa kafin a taka ta, a kuma kwance ta bayan kowace kakar tsere." Ya yi mini bayani dalla-dalla cewa nau'in 2618 kusan ba shi da silikon, don haka yana lanƙwasa kafin ya karye, abin da ya sa yake jure duka, amma yana kumbura da zafi sosai, dole a bar masa tazara mai faɗi tsakaninsa da bangon silinda. Da safe, kafin ya ɗauki zafi ya cika wurinsa, yana kaɗawa yana buga bango, kuma motar da ake tayarwa a sanyi sau biyu ko uku kowace rana za ta ci zobenta da bangonta da wuri, ta fara shan baƙin mai. Nau'in 4032 kuwa yana da silikon kusan kashi 12 cikin 100, kumburinsa kaɗan ne, ana iya matse tazararsa, ba ya ƙara, kuma duk da haka bugagge ne, ya fi na kamfani ƙarfi nesa ba kusa ba. Game da awon matsi ma ya ce 8.5 ya yi ƙasa ga psi 10, domin mafi yawan tuƙin cikin gari sufacaja ba ta cusa komai, bawul ɗin kewayenta a buɗe yake, injin yana tafiya ne da ƙarfin kansa, kuma idan an sauke matsin da yawa sai motar ta yi nauyi a ƙafa ta kuma ƙara shan fetur. Muka daidaita a kan 9.5 da 1, ƙasa da 10.5 na asali, da faɗin milimita 86.5.

Mayar da fistin ɗin da na fara saya ya ci mako uku, kuma mai sayarwa ya cire wani kaso daga kuɗin, ban da kuɗin aikawa da na biya sau biyu. Sababbin kuma sai da suka iso hannun dattijon kafin ya taɓa bulok ɗin, domin ba ya faɗaɗa silinda bisa lambar da ke jikin kwali. Kowane fistin yake aunawa da maikiromita, sannan ya gurza ramin da zai zauna a ciki daidai da shi. A cikin kwalin akwai wata takarda da kamfanin fistin ya saka, mai nuna inda za a ɗora ma'auni a jikin fistin, da tazarar da ake so, da yadda za a lissafa buɗin zobe. Ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki kada ya bari takardar nan ta ɓace a cikin leda, domin ita kowa ya yi ta komawa gare ta har ƙarshen aikin. An goge silindar ne alhali wani faranti mai kauri yana ɗaure a saman bulok, an matse shi da ƙarfin da za a matse kan inji, saboda ƙarfe yana ɗan karkacewa idan an ɗaure shi, kuma ramin da ya fito da'ira sosai a sake yana iya zama ƙwai-ƙwai bayan an ɗaure. An duba karanshaf da hodar maganaɗisu don neman tsagewar da ido ba ya gani, aka same shi lafiya, aka goge wuyansa kawai. Wannan ya sauƙaƙa mini, domin da na yi niyyar sayen sabo, dattijon ya ce ƙarfin da nake nema bai kai inda na kamfani zai gaza ba.

Konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ne muka ɗan yi ja-in-ja a kansa. Makanikina yana ganin na asali za su iya, tunda babu wanda ya lanƙwashe, dattijon kuma yana ganin cewa sufacaja irin tawa tana ɗora wa konrod nauyi mai yawa tun inji yana juyawa a hankali, kuma waɗannan sun riga sun sha dukan fashewar mai na wata uku. Na bi ra'ayin dattijon, na sayi na bugaggen ƙarfe nau'in 4340 masu ɗauke da kusoshi masu ƙarfi samfurin ARP 2000, dalilina kuwa shi ne injin a kwance yake, kuma kuɗin sake sauke shi ya ninka kuɗin konrod ɗin. Aka auna nauyin fistin da konrod ɗaya bayan ɗaya har bambancinsu ya koma ƙasa da giram 1, aka daidaita karanshaf tare da filawil da fulin gaba, aka ba ni katin da ke ɗauke da nauyin kowanne. An kuma share fuskar bulok da ta kan inji har suka yi santsi sosai, saboda gasket ɗin da za a sa na zanen ƙarfe ne hawa-hawa, wanda ba ya rufe ƙananan kurakurai kamar yadda gasket mai laushi ke yi. Daga ranar da aka kai kayan zuwa ranar da aka dawo da su gareji an yi mako bakwai. A tsawon lokacin nan motar haya nake bi, wani lokaci kuma aron ta ɗan'uwana, kuma ban taɓa sa wannan a cikin lissafin kuɗin aikin ba sai da na ga yadda yake taruwa mako bayan mako.

Haɗa injin ya ɗauki kwana huɗu, na kuma nemi izini a wurin aiki na zauna a garejin kwana biyu daga ciki, abin da har yau nake ganin ya fi komai amfani a gare ni. Rana ɗaya cur ta tafi a kan zobe. Ana saka kowane zobe a cikin silindarsa, a tura shi da kan fistin ya zauna daidai, a auna buɗin bakinsa da siraran ma'aunai, a fito da shi a goge gefe ɗaya kaɗan, a mayar a sake aunawa, kuma idan an wuce gona da iri babu gyara sai sabon zobe. Takardar ta ba da inci 0.0055 ga kowane inci na faɗin silinda ga inji mai matsin iska irin nawa, wanda ya kama kusan milimita 0.48 a zoben sama, na biyu kuma aka buɗe shi fiye da haka kaɗan domin iskar da ta zurare kada ta maƙale tsakanin zobba biyun ta ɗaga na sama. Da na kwatanta wannan da matsattsen buɗin zoben kamfani, wanda aka tsara don injin da ba a cusa masa iska, sai na gane sarai abin da ya karya mini fistin. Haka aka yi da metal ɗin karanshaf da na konrod, wato siraran ƙarafan da wuyan karanshaf ke juyawa a cikinsu: aka ɗaure, aka auna rami, aka auna wuya, aka cire wannan daga wancan. Ƙa'idar da masu gina inji ke farawa da ita ita ce tazarar ta kasance kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin wuyan, sannan a dubi littafin injin da kaurin baƙin man da za a zuba. Kusoshin konrod an auna miƙewarsu ne da agogon awo, domin miƙewar ita ke nuna ainihin ƙarfin riƙo. Kan inji kuma an ɗaure shi da sanduna masu noti a madadin kusoshin kamfani, waɗanda ake ɗaurewa sau ɗaya su miƙe ba su komawa, aka bi su daga tsakiya zuwa gefe a zagaye uku. Kowace lamba makanikin yana faɗa ina rubutawa a littafi, ya sa hannu a ƙasa da muka gama.

Ranar da aka tayar da injin, sai da aka cire fis ɗin famfon fetur aka yi ta juya shi har agogon baƙin mai ya nuna matsi, sannan aka ba shi wuta. Ya tashi a bugun farko, babu ƙara, babu yoyo, na ji wani sanyi a zuciyata da ban ji irinsa ba tun ranar tudun nan. An zuba masa baƙin mai na gargajiya don zobba su zauna, aka ce in yi tuƙi ina sauya gudu, in riƙa sakin totur motar tana cikin giya, kada in bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci, kuma kada in shiga matsin iska. Bayan kilomita 80 aka juye man, aka yanka matatar aka buɗe takardarta a rana, muka ga ƙurar ƙarfe mai laushi kaɗan, wadda ake sa ran gani, babu ɓarɓashi mai girma. Aka sake juyewa a kilomita 800. Waɗannan makonni sun yi mini wuya ta wata fuska, domin motar tana hannuna, ƙarfin yana ƙarƙashin ƙafata, amma dole in kame.

Mataki na ƙarshe shi ne wajen mai saita kwamfutar inji, wanda ke da na'urar da ake ɗaure mota a kan nadi a taka ta kamar tana kan hanya. Na jira kwana goma sha biyu kafin layi ya zo kaina, ya kuma ce in zo da littafin awon da cikakken tankin fetur irin wanda nake sha kullum, kada in zo da wani na musamman. A jan farko ya ɗaga ƙafa tun injin bai kai ƙarshe ba, ya kira ni ya nuna mini allon. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan iska ta ninka shi sau 14.7, amma a ƙarƙashin matsin iska ana so a ƙara mai har lambar ta sauka wajen 11.5 zuwa 12, saboda ƙarin man yana sanyaya cikin silinda. Nawa yana haurawa sama da 13 daidai lokacin da ake buƙatar mai sosai, matsin famfon fetur yana faɗuwa, nozul-nozul masu fesa fetur kuma a buɗe suke kusan kowane lokaci, babu sauran abin da za su ƙara. Zafin iskar da ke shiga ma yana hawa da kowane ja. Ya ce, "Yallaɓai, da ka taka wannan sabon injin a haka, da ya daɗe fiye da tsohon, amma inda tsohon ya je nan zai je." Maganar ta girgiza ni, domin na kashe wata uku ina ƙarfafa abin da ya karye, ban taɓa tambayar abin da ya jawo zafin da ya karya shi ba. Aka sa famfo mai tura lita 255 a awa, da nozul masu girma, da babbar na'urar sanyaya iska, da filogi masu saurin sauke zafi waɗanda aka matse bakinsu zuwa milimita 0.7. Bayan mako biyu na koma, ya yi wuni guda yana saiti, yana ja da lokacin tartsatsi baya a duk inda na'urar sauraron fashewa ta nuna motsi. Na roƙe shi ya bar tazara mai yawa tsakanin saitin da iyakar abin da injin zai iya, saboda rana mai zafi da fetur maras kyau, ya yi hakan, ya ba ni takardar sakamakon da kwafin fayil ɗin saitin.

Da na zauna na tattara rasit-rasit, fistin da konrod da kusoshi da gasket, waɗanda su kaɗai na lissafa a daren farko, ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe ba. Aikin masu gurza ƙarfe, ladan makaniki, kayan fetur da sanyaya iska, saiti, sabon kuloci da ya zama dole saboda tsohon ya fara zamewa, da kuɗin sufuri na watannin da motar ta kwanta, su ne suka cinye sauran. Wanda zai shiga wannan aiki ya fara da gwajin silinda da kuma duba bayanan kwamfuta tun injin yana cikin mota, domin a nan ake ganin ko mai ne ya gaza ko zafi ne ya yi yawa. Kada ya sayi fistin sai an kwance an auna, kuma mai gurza ƙarfen ya faɗi faɗin da za a kai. Ya gaya wa kowane mai sana'a gaskiyar yadda yake tuƙa motar, ko da gaskiyar ita ce cunkoso da gajeren zango, domin zaɓin alminiyam da awon matsi da tazarar metal duk a kan wannan amsa suke ratayewa. Ya kuma nemi kowane awo a rubuce, ya sanar da kamfanin inshorarsa sauye-sauyen da aka yi tun kafin wani abu ya faru. Ni na kai musu kwafin takardun garejin aka shigar a fayil ɗina.

Yanzu motar ta yi kilomita 20,000 a kan sabon injin, tana nan a psi 10. Na sa agogon da ke nuna haɗin iska da mai a gefen sitiyari, da wani mai nuna zafin iskar shiga, kuma idan na biyun ya hau a rana mai zafi nakan sassauta ƙafa har ya sauka. Bel ɗin sufacaja nake dubawa duk lokacin juye mai, saboda idan an ɗaure shi fiye da kima yana jan hancin karanshaf ya ci metal na gaba. A juyen mai na baya-bayan nan makanikin ya sake auna silinda huɗun, bambancin da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta bai wuce psi 4 ba, na rubuta lambobin a shafi na gaba na littafin.